Malam Lauwali da Uwar da Ba ta Faɗin Suna

Kowace Asabar da hantsi, mutanen Anka sun saba jin usur ɗin Malam Lauwali a filin firamare, yara cikin kakin sikawut suna bin sa a layi. Bana ya ajiye usur, gwiwa ta gaji. Mu da muka bar aji da wuri muna yawon gari mun fi kowa ganin abin da ya yi.

Da ƙungiyar sikawut ta mayar da rajistar yara kan intanet, sai aka ce uba ko uwa za su riƙa buɗe shafin ɗansu da lambar waya, su ga hotonsa da bajon da ya ci, su danna amincewa kafin a tafi da shi zango. Iyaye da yawa ba su da babbar waya. Malam ya riƙa hawa babur yana bin gidaje da tasa, wani lokaci har kan tudu neman sabis.

Gidan Hure ne ya kusa gagarar sa. Mijinta ya rasu, ɗanta na fari Bilyaminu shi ne jagoran rukuninsu, ga zangon Gusau ya matso. Amma uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Duk saƙon da Malam ya aika, amsa ɗaya ce: “Ba ruwana.” Bilyaminu ya naɗe kakinsa ya ce Bagega zai tafi haƙar zinariya, tunda Inna ba ta san yana yi ba. A shekarun nan kowa ya san abin da gubar dalma ta yi wa yaran can.

Malam ya je da kansa, ya yi sallama daga zaure.

“Malam, in don wanga yaro ne, ka wahal da babur ɗinka,” in ji Hure daga bayan zana.

“Inna, wa ya ce ki faɗi suna? Lambarki ce mabuɗi. Riƙe mini wayar nan, zan je masallaci, aljihuna ya huje.”

Ya buɗe shafin, ya miƙa ta gefen zana, ya tafi. La’asar ɗin ranar ta yi tsawo, don har hira ya tsaya yi da liman. Da ya dawo, ya tarar an danna amincewa. Ƙanwar yaron, Mardiyya, ce ta karanta wa Inna bajon ɗaya bayan ɗaya, ta ce sai da aka sa ta maimaita.

Hure ta miƙo wayar. “Ka ce ma wancan ya gyara ƙyallen wuyan nan. Ya karkace a hoto, kamar marar uwa.”

Malam ya kai saƙon yadda aka ba shi, bai ƙara ko kalma ba. Bilyaminu ya je ya warware kakinsa. Gusau ya tafi.

Malam Lauwali, kai ne ka san na’ura ba ta san kunya ba, sai ka yi mata kunyar. Mai usur na Anka, mun gode, Allah Ya ba gwiwa lafiya. Ku masu karɓar usur daga hannunsa, ku koyi danna waya, amma ku koyi lokacin da ake ajiye ta a tafi masallaci.