Ƙasimu Ba Ya Ci a Gaban Suruki

Ƙasimu taubashina ne, saboda haka ina da lasisin zaginsa, kuma ban bar lasisin ya yi ƙura ba. Mutumin Kiyako ne, siriri kamar sandar kiwonsa. Tun yana yaro ciwon sukari ya kama shi, ba irin na alhazai masu tumbi ba, irin wanda in babu allura kullum sai likkafani. Nakan ce masa, "Kai da ko shayi sai an saya maka, ina ka samo ciwon manya?" Sai ya ce, "A kwanonka na lasa."

Da yake ba shi da firji, ruwan allurar a leda yake, a binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randar matarsa, Turai. Likita a Birnin Kudu ya kafa masa doka: in ya yi allura ya ci abinci, in ya ji gumi da rawar jiki ya jefa sukari a baki nan take. Aljihunsa ba ya rabuwa da ƙwayar sukari.

Ya taɓa ji a rediyo wai a ƙasashen Turawa mutane na yin tattaki don tara kuɗin binciken maganin ciwon. Ya ce, "Ni da na ƙare ƙafata a bayan shanu, wa ya ba ni ko goro?" Amma abin ya zauna masa. Duk wanda ya dawo daga Kano sai ya tare shi: "An gano?"

Ba a gano ba.

Bara aka yi rasuwa a gidan surukansa a Gwaram. Ya yi allura da safe muka hau babur, da niyyar mu ci ƙosai a hanya. Ran nan kuwa mai ƙosai ba ta fito ba. Muna isa, Malam Rabi'u, uban Turai, ya jawo shi ya zaunar kusa da shi a tabarma. Aka kawo fura, aka kawo tuwo. Su Ƙasimu kuwa jinin Fulani ne, ko ruwa ba sa kurɓa a gaban suruki.

Ina lodar tuwo na hango gumi na tsattsafo masa. Na matsa na raɗa masa, "Kai, sha sukarinka."

Ya ce, "A gaban Baba?"

"To tashi mu zagaya baya."

"Ana addu'a."

Kafin a shafa ya kife. Wasu suka ce iska ce, aka hau tofi. Ina ihu ina laluben aljihunsa, haƙoransa a datse. Kafin a sami mota, kafin a kai asibiti, rana ta yi nisa.

Ya farka, amma ba duka ba. Harshensa ya yi nauyi, hannun dama ya mutu. An sayar da shanun. Yanzu Turai ke yi masa allurar. In na zage shi sai ya dube ni kawai, ramuwar ta maƙale a hanya. Ya daina tambaya ko an gano.

Malam Rabi'u, abin ya tsaya masa a rai. Ran Juma'a yakan zo tun daga Gwaram, ya karɓi kwanon fura daga hannun 'yarsa, ya durƙusa da ludayi. "Ƙasimu, ni ubanka ne. Don Allah ka sha."

Sai Ƙasimu ya juya fuska bango, ya datse baki, har sai tsohon ya ajiye kwanon ya fita.