Gorar da Baffa Ya Bari Kan Dutse

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu sun zaci na bar Ƙaura. Ban tafi ko'ina ba, ina kwance ne. Masu tambayar dalilin rufe shagona na maganin dabbobi, ga amsa.

Da bazara surukina, mahaifin matata Hajo, ya zo shagon da kansa. Baffa muke ce masa. Bafulatani ne mai kunya, tun da na auri 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce ciwo ya shiga shanunsa a bayan duwatsun Zurmi, yana so in je in yi masu allura. Hanyar babur ba ta biyuwa saboda halin 'yan bindiga da kuka sani, sai dai a haura duwatsu uku da ƙafa.

Na ce to. Wa zai ce wa surukinsa a'a?

Bayan asuba muka kama hanya, jakar magani a bayana. Ruwan robar da na riƙo, a ɓoye na shanye shi tun a dutsen farko. Ni da ko kasuwa da babur nake zuwa, ga ni ina rarrafe bayan tsoho mai furfura, shi ko haki ba ya yi.

A kan kowane dutse Baffa zai ajiye gorarsa ta ruwa, ya ce bari ya duba hanya, ya ɓace bayan duwatsu ya daɗe. Ni kuma in zauna ina kallon gorar, harshena kamar busasshiyar fata. Gorar suruki ce. Ko da wasa ban ga yadda zan kafa mata baki ba. In ya dawo sai in miƙa masa da hannu biyu, mu ci gaba.

A dutse na uku cinyoyina suka fara rawa, idona yana ganin duhu. Haka na lallaɓa muka isa ruga da la'asar, na yi wa shanu allura. Can ma da aka kawo nono, kurɓa ɗaya na yi na ture, don surukai sun kewaye ni.

Da na dawo gida ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Na aika kemis aka haɗo min maganin ciwon jiki, na yi ta sha.

Sai fitsarina ya koma kamar baƙin shayi.

Daga nan ya tsaya gaba ɗaya. Fuska ta kumbura, ga amai, ga shaƙuwa ba dare ba rana.

A asibitin Ƙaura aka ɗebi jini, aka ce mu wuce Gusau. A Gusau aka yi hoto, aka sake ɗibar jini. Likita ya ce wahala da ƙishi sun narkar da naman cinyoyina, dattin ya toshe ƙoda, maganin kemis kuma ya ƙarasa ta. Ya tambaye ni ko babu ruwa ne a hanyar. 

Aka huda wuyana aka sa roba, aka fara wankin ƙoda. Kana kwance kana kallon jininka yana fita yana shiga inji, sanyi yana kaɗa ka. Wanda ke gadon kusa da ni, da safe muka gaisa, da azahar aka naɗe katifarsa. Na ji tsoro ƙwarai, kuma har yau bai sake ni ba.

Wajen biyan kuɗin jinya babur ya tafi, kayan shago suka bi shi, sai 'yan kunnen Hajo.

Wata rana da hantsi sai ga Baffa a ɗakin jinya, da sandarsa da gorar nan. Hajo ta gaya min daga baya cewa shanun da na yi wa allura ya kai kasuwar Shinkafi don a biya wankin. Ya zauna a ƙasa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Yaro, don mi kaka zaton nika barin gora in tahi? Wace hanya zan duba, ni da anka haifa cikin duwatsun ga? Wuri nika ba ka ka sha."



Ya ajiye gorar a gefen gadona, ya juya fuskarsa bango. Ya ce, "Na juya. Sha."

A lokacin an riga an hana ni ruwa. Ɗan ƙaramin kofi ake auna min na yini guda, kuma na shanye na ranar. Na riƙe gorar ina kuka ba sauti, shi yana kallon bango yana jira. Hajo ce ta karɓa ta girgiza ta, ta ce masa na sha.

Yanzu an sallame ni. Fitsari ya dawo kaɗan, amma ana ci gaba da wanki. Na tambayi likita ko ƙodar za ta farfaɗo duka, ya ce mu dai yi ta addu'a. Na san ma'anar wannan amsa. Ko masallacin unguwa sai na huta a hanya.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa Hajo, da 'yan kasuwar da suka yi min karo-karo, da ma'aikatan jinya. Baffa, Allah ya mayar maka da garkenka, ni ban da abin da zan biya ka.

Shawarata: in za ku doguwar tafiya cikin rana, ku riƙi ruwa mai yawa, ku sha ko gaban wa. In fitsari ya sauya launi bayan wahala, asibiti za ku nufa, ba kemis ba.

Baffa bai tafi da gorar ba. Tana rataye a ɗakina, Hajo na cika ta kowace safiya, daga ciki take auna min kofin nawa.