Igiyar Baba

Mahaifinmu haƙar rijiya yake yi. An kama shi bawa yana yaro, Turawa suka 'yanta shi, ya tashi a hannun masu bishara can Kudu, ya dawo ƙasar Sakkwato da sana'a da bangaskiyar Almasihu. Lokacin ana neman rijiyoyi a hanyar fatake tsakanin Illela da Ƙonni, sai muka zauna nan. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a garin. Maƙwabta suna mamakinmu, amma suna shan ruwanmu, ran Salla kuma akushi ba ya tsallake ƙofarmu.

A sana'ar nan akwai doka guda: mai shiga rami shi ke zaɓen wanda zai riƙe masa igiya, kuma ba a zaɓe don kunya ko don lallashi. Ranka ne ka ba mutum. Tun da na kawo ƙarfi ni ke riƙe wa Baba, ina kuwa taƙama da haka, ba na ɓoyewa.

Ƙanena shi ne ƙashin bayan shan wahalar gidanmu. Sau biyu yana tsallake iyaka. Na farko ya bi sojan Faransa yana yi musu dako. Na biyu ya gudu ana tsakiyar aiki, muka ji yana Ƙonni cikin mashaya, in an tambaye shi ya ce ba shi da uba a Illela. Duk da haka kowace safiya in Baba ya durƙusa addu'a, sunansa ne farko, har murya na rawa. Ni da ke gefensa sai a ƙarshe, a dunƙule da "sauran mutanen gida". Abin yana cina.

Da kaka ƙanena ya dawo, duk ya rame, ko takalmi babu. Na ce a raina to, a ba shi tuwo, tuwo ba komai ba ne. Washegari muka tafi wata rijiya mai zurfi wajen Tozai. Baba ya ɗaura igiya a ƙugu, na miƙa hannu kamar kullum, sai ya ce, "Ba ƙanenka igiyar."

"Mi kac ce, Baba? Wanga da yas sake mu har sau biyu?"

"Shi na," in ji Baba. "Mu sau nawa munka saki Ubangiji? Ka taɓa jin ya janye hannu nai? Ƙaunar da Almasihu ya yi muna ba don mun riƙe amana ba ta. In ban ba shi ba yau, har shi mutu shina ganin baƙo na shi gidanga."

Ba tsoro ne ya fara kama ni ba, kishi ne, tsoron daga baya ya zo. Baba ya sauka. Ƙanena ya kafa ƙafa a gungumen bakin rijiya, igiya na zamewa tana cin tafinsa. Na koma bayansa na naɗe wutsiyar igiyar a damtsena. Rabin nauyin a kaina yake, ina sane, shi ma yana sane.

Da rana ta take muka jawo Baba. Ya fito duk laka, ya kama hannuwan ƙanena ya buɗe su. Sun saɓule, jini har gwiwar hannu. Ya yi ta hura musu iska yana cewa, "Sannu ɗana, sannu," ya yage bakin rigarsa ya ɗaure su.

Na duba nawa tafin. Fatarsa ta yi kanta, ko ja bai yi ba. Duk shekarun da na yi ina riƙe igiyar nan, ba a taɓa samun abin hurawa a hannuna ba. Har yau na yarda da abin da Baba ya faɗa a bakin rijiyar, ina ma koya wa jikokina. Amma ran nan da na so a ce nawa ne suke jini.