Murfin Kyamarar Kaka

Jiya a kasuwar Terminus ta Jos wani mai shago ya danna wani murfin kyamara ya yi "ƙas", sai na waiwaya da sauri. Rabona da wannan ƙarar tun ina yarinya a gidan kakana a Anguwan Rukuba.

Kaka mai hoto ne. Da kasuwa ta ƙone, rumfarsa ta tafi da duk hotunan gidanmu, kyamarar da ke wuyansa kaɗai ta tsira. Tsohuwa ce, irin wadda ake leƙawa ta wata 'yar taga a sama, don haka ko da murfi a kan idonta, mai ɗauka yana ganin mutane sarai. Murfin kuwa baƙi ne sumul, ba wurin kamawa. Da farce Kaka yake ɓamɓaro shi, ga sanyin Jos yana sandarar masa da yatsu, wani lokaci sai ya gasa su a bakin murhu tukuna.

Wata safiyar Lahadi, hazo bai tashi daga kan duwatsu ba, Mama ta fito daga ɗakin da ta daɗe tana jinya. Ta ɗaura zanen zumuntar mata ta coci, ta shafa hoda, ta zauna a kan turmi ta ɗora ni a cinya. Har yau ina jin ɗumin hannunta da warin man zafi.

"Baba, yi sauri, jiri nake ji," in ji ta.

Kaka ya yi saurin. Mama ba ta kai Kirsimeti ba. Da aka wanko fim ɗin, wurin namu fayau ba komai, ashe murfin bai fita ba. Kaka ya daɗe yana ɗaga shi a rana, sannan ya rataye kyamarar a ƙusa, bai ƙara taɓa ta ba. Yau in ka tambaye ni kamannin mahaifiyata, hannunta kawai zan iya kwatanta maka.

Yanzu ni ma ina da 'ya. Babanta direba ne, yakan yi makonni a hanya, daga ni sai ita a ɗaki. Ko ciwon kai na yi, sai in zauna ina kallonta ina tunanin me za ta tuna. Da aka sace wayata a keke napep, babanta ya sayo mini kyamara ta gwanjo, ba murfi.

Jiyan, mai shagon ya baje mini murafai kala-kala. Na yi ta sawa ina cirewa, har na zaɓi wanda ake matsewa a tsakiya, yatsu biyu sun ishe shi ko da sanyi ya kama su.

"Madam, wannan ta zamani ce fa," ya ce yana dariya. "In murfi na kai, ke ma ba za ki ga komai ba."

"Na ji, oga. Ɗauke mu."

Na kwance goyo, na cire murfin da kaina, sannan na miƙa masa kyamarar. A hoton yarinyar tana kuka, ni ban yi murmushi ba, murfin yana damƙe a hannuna. Amma fuskata ta fito.