Jikan Baba Sannu-Sannu

Baba Sannu-Sannu yana da lambun dashe a bakin hanya. Tun yana cikin zanen goyo hannayensa suke murɗewa da kansu a hankali, yatsu su baje su lanƙwashe, wuya ya karkace, ba tare da neman izininsa ba. Likita ya ce daga ƙwaƙwalwa ne. Shi kuwa cewa yake yi, "Hannayen nawa ne ba su da tarbiyya."

Da ƙafa yake riƙe leda, ya zuba ƙasa da gwangwani, rabi ciki rabi waje. Tukwanen da ya fasa, Allah kaɗai ya san adadinsu. Amma duk abin da ya dasa sai ya kama, har masu lafiyar hannu suna zuwa neman shawara.

Abu ɗaya ne ke cin ransa. 'Ya'ya huɗu ya haifa, bai taɓa ɗaukar ko ɗaya yana jariri ba. Ba wanda ya hana shi, tsoro ne, don da zarar ya matsa wa hannayen su tsaya, sai su ƙara. Da autarsa ta haihu ma, daga bakin ƙofa ya leƙa jikan, hannu a baya, ya juya. Abin ya ba ta tausayi ƙwarai.

Bayan wata guda sai ga ta a lambu da jaririn. Ta san mahaifinta kamar yunwar cikinta: in bayanin shuka ya ɗauke shi, yakan manta da jikinsa, murɗar ta lafa.

"Baba, lemon da ka ba ni duk ganyen ya yi rawaya."

"Ke da ambaliyar ruwa! Sau nawa zan gaya miki?"

Yana zaune kan buhu, ya shiga faɗa har da kumfar baki. Ita kuwa ta durƙusa, ta kwantar masa da yaron a cinya. Sai da ya kai maganar taki ya ji ɗumi, ya duba. Nan take yatsun suka fara nasu.

"Karɓe shi, don Allah! Zan yar da shi."

"Ga ni nan, Baba. Ai ba ka gama ba. Takin yaushe ake zubawa?"

Hawaye na bin gemunsa, ya sunkuya kan jikan.

"To abokina, kai ka saurara, tunda uwarka ba ta jin magana. Ba a zuba taki sai saiwa ta kama."