Hutun Mairo a Saman Duwatsun Alps

A Bowie ta jihar Maryland, maƙwabta sun san Mairo a matsayin nas ɗin nan mai fita da sassafe da farar mota. A wata cibiyar wankin ƙoda take aiki. Mijinta Injiniya Sabo yana aikin hanyoyi, suna da 'ya'ya biyu, Khalil da Sadiyya, masu jin Hausa sarai amma su amsa da Turanci. Mace ce mai fara'a da son baƙi, sai dai in hira ta gangaro kan Jos, garin da aka haife ta, takan tashi ta ce bari ta duba tukunya.

A Jos ta yi makarantar koyon jinya, a can ta haɗu da Chundung, Kirista 'yar ƙabilar Birom. Ɗaki ɗaya suka zauna har suka gama. Ran Lahadi Mairo ce ke ɗaura wa Chundung ɗankwalin zuwa coci, da azumi kuwa Chundung kan tashi ta taya ta ɗumamen sahur tana mita. Mairo ta yi aure ta biyo mijinta Amurka a shekarar 2000, Chundung ta kama aiki a wani asibiti a cikin gari.

Shekara na zagayowa rikici ya ɓarke a Jos. Auwalu, ƙanen Mairo, tela ne. Ya fita ranar Juma'a, bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Ana cikin zaman jiran labari Chundung ta bugo waya. Mairo na jin muryarta ta miƙa wa Sabo wayar ta shige ɗaki. Ba faɗa suka yi ba. Kowace dai ta rasa da wace kalma za ta fara, har shekaru suka tura.

A 2013 Sadiyya ta buɗe wa uwarta shafi a intanet. Ba a jima ba sai ga Chundung ta nemo ta. Ashe ta koma Geneva ta ƙasar Suwizalan, tana jinyar tsofaffi. Suka yi shekaru suna gaisuwa sama-sama, ina yara, ina aiki, ya sanyi. Rannan Chundung ta ce asibitinsu na da masauki a wani ƙauyen wasan zamiyar ƙanƙara can saman duwatsun Alps, ta samu gurbi a lokacin hutun hunturu, Mairo ta zo.

"Baban Khalil, ni da nake tsine wa ƙanƙara duk safiya in ina kankare gilashin mota, ita zan bi har wata ƙasa?" in ji Mairo.

Sabo ya ce, "Ai ba ƙanƙarar ce ta gayyace ki ba."

Sadiyya kuwa, da ke ajin ƙarshe a sakandare, tuni ta fara neman aron rigar sanyi. Mairo ta biya wani shagon kayan Afirka a Wheaton ta sayi daddawa da yaji da busasshen kifi, suka kama hanya su biyu.

A filin jirgin Geneva suka rungume juna, kowace na cewa ɗaya ta yi ƙiba. Daga nan jirgin ƙasa ya yi ta hawa da su, yana kewaya duwatsu, har kunnen Mairo ya toshe. Ƙauyen fari fat, gidajen katako ne, rufinsu ɗauke da dusar ƙanƙara mai kaurin katifa. Da Mairo ta hau matakalar masaukin sai ta tsaya tana haki, kanta na sarawa. Ta san abin a littafi, iska ce ta yi ƙaranci saboda tudu, amma ba ta taɓa jin sa a ƙirjinta ba. Chundung ta dama musu gwaten acca, ta zuba daddawar Wheaton a ciki, ta kuma ajiye wa Mairo ruwan ɗumi na alwala ba tare da an tambaye ta ba.

Washegari Sadiyya ta matsa sai uwarta ta gwada wasan. Aka ɗaura wa Mairo wasu dogayen sillaye a ƙafa, aka ba ta sanduna biyu. Ko taku ba ta yi ba sillayen suka tafi da ita, ta yi zaman daɓaro a ƙasa tana salati, yara ƙanana na wuce ta fuu. Chundung ta yi dariya har da hawaye, ta zo ɗaga ta, ita ma ta zube. Daga nan suka bar wa Sadiyya filin, su suka koma shan shayi suna kallo.

Ana gobe za su sauka Chundung ta ce su hau ƙololuwa. Suka shiga wani ɗan ɗaki na gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, ya yi sama da su, Mairo ta runtse ido har suka isa. A can babu bishiya ko ɗaya, sai duwatsu jere iya ganin ido, gajimare kuma a ƙarƙashinsu. Suka samu benci a jikin bangon wani gidan abinci, inda rana ke bugawa, suka lulluɓe ƙafafu da bargo ɗaya. Wurin tsit.

Chundung ta ce, "Mairo, na neme shi fa."

Mairo ba ta tambayi wa ba.

"Ina bakin aiki aka fara kawo mutane. Da na ji Auwalu bai koma gida ba, na bi ɗakunan marasa lafiya gado-gado. Na shiga ɗakin gawa, na buɗe duk wanda aka rufe. Na je sauran asibitoci da rigar aikina, don ita kaɗai sojoji ke barin ta wuce. Ban gan shi ba. Abin da na bugo in gaya miki ke nan."

Sai Mairo ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta.

"Mutanenku ne?"

"Ban sani ba," in ji Chundung. "Mai yiwuwa yaran da na sani ne, waɗanda muke zama coci ɗaya. Na yi ta kallon fuskokinsu ran Lahadi har na daina zuwa na wani lokaci. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba su ba ne."

Mairo ta gyaɗa kai. Da Chundung ta rantse mata cewa ba su ba ne, da ba ta yarda ba.

"Ke fa? Kowa lafiya a gida?"

Chundung ta ce ƙanwarta Dorkas ta rasu a 2010, lokacin da aka kai hari ƙauyen mijinta, da ita da goyonta. Mairo ta san Dorkas, ita ce mai kawo musu dankali da tumatir makaranta. A lokacin ta ga labarin harin a talabijin a falonta na Bowie, ta kashe, ba ta tambayi sunan kowa ba.

"Allah ya ba ku haƙuri," ta ce. Suka zauna nan suna kuka a hankali, ga ƙarancin iska, sai su tsaya su ja numfashi su ci gaba. Wani ma'aikacin gidan abincin ya leƙo ya tambaya ko tudu ne ya buge su. Chundung ta ce masa e, da Faransanci, ya kawo musu ruwan zafi.

Mairo ta dawo Bowie ta koma bakin aikinta. Ba ta ba kowa labarin ba sai Sabo. Ta dai buga wa mahaifiyarta waya ta faɗa mata abin da Chundung ta yi. Tsohuwar ta ce a karɓo mata lambar yarinyar.

Da zafi ya shigo Sadiyya ta gama sakandare, aka yi walima a bayan gida. Chundung ta zo daga Geneva, ita ta tsaya kan tukunyar masa tun safe. Wata Hajiya daga garin Clinton ta lura da ɗan gicciyen da ke wuyanta, ta matso kusa da Mairo ta tambaya a hankali ko wace ce wannan baƙuwa.

"'Yar garinmu ce," in ji Mairo. "Hajiya, matso mata kujera, tun safe take tsaye."