Ranar da Kawu Ya Tsaya Mini a Kotu

A shekarun da aka yi fari, lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, ina ɗinki a wata 'yar rumfa kusa da tashar motar Gumel. Keken ɗinki ɗaya gare ni, sai benci da dutsen guga na gawayi. Aikina jamfa ne da 'yar shara, amma samarin ma'aikata suka ɓullo da wata fitina. Kowa so yake a yi masa riga mai kama jiki da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa irin wanda ya gani a Kano. Ni kuwa ban taɓa gani ba, sai kwatancen da suke yi mini da hannu.

Wani abokina direban babbar mota, mai zuwa Damagaram, ya ce zai raba ni da wannan wahala. Wata Alhamis muka haɗu a kasuwar Maigatari, ya miƙo mini wani littafi mai kauri kamar tubali. Rubutun Faransanci ne, ko harafi ɗaya ba na ganewa, amma daga bango har bango hotunan kaya ne: kwat, riguna, wanduna, takalma, har da tukwane da labule.

Sai da na dawo gida na lura da tsakiyarsa. Wasu shafuka ne na manyan matan Turawa, daga su sai kamfai da rigar nono, kowacce ta riƙe ƙugu tana murmushi kamar an yi mata albishir. Na rufe da sauri. Maiɗakina ta karɓa ta duba a tsanake, ta girgiza kai.

"Wayyo, bayin Allah," in ji ta. "Ashe farin nan har ƙasarsu ya kai. Dubi haƙarƙari duk a waje, ga shi ko zanen ɗaurawa babu."

Ban so in ɓata littafin da yaga, sai na jiƙa ƙaro na manne shafukan, na kai shi rumfa. Kasuwa kuwa ta buɗe mini. Saurayi ya zo ya nuna da yatsa, ni in yanka.

Maƙwabcin rumfata wani dattijo ne mai goro. Shi nake bar wa tsaro in zan je sayen gawayi ko zare. Na riƙa lura mannin nan yana saki, in sake mannewa, gobe in tarar ya sake saki. Na ɗora wa zafin rana laifi. Muna zaune lafiya da shi har ranar da na ɗinka masa wandon Sallah, ya dawo yana faɗa wai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ni kuma bakina ya kuɓuce a gaban mutane, na ce ya fara auna ƙafafun nasa tukuna. Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

A lokacin gari a tsorace yake. An kama wani baƙo mai ɗaukar hoto wajen Gagarawa Tasha, yana yaudarar yara da alewa yana ɗaukarsu hotunan da bai kamata ba. Iyaye suka hana yara nisa da ƙofar gida, ni ma na hana nawa. Saboda haka da mai goro ya je caji ofis ya ce akwai wani tela da yake ɓoye hotunan batsa daga ƙetaren iyaka, ba a tsaya jin sauran bayani ba.

Wani kofur ya zo a kan keke. Ya ce an kama ni, an kama littafin. Ya ɗaure littafin a bayan keke da igiya, ya hau, ni kuma ya ce in biyo shi a ƙasa. Haka muka ratsa kasuwa, littafi a zaune, mai littafi yana sassarfa.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya zo daga Sule Tankarkar ya yi belina. A ƙuruciyarsa ya taɓa yin sharar harabar wata babbar kotu a Kano, kuma tun daga nan ya ɗauka babu abin da ya rage masa na shari'a. Muna isa gida ya zauna a tabarma, ya sa aka dama masa fura, ya fara lissafa mini abin da ke jirana.

"Bulala dai ka sa a ranka. Sai aski ƙwal. Sai gidan kaso. Keken ɗinkinka kuwa hukuma za ta ɗauke, a ba gandurobobi su riƙa ɗinka wa fursunoni gajeren wando. Kai ma ɗaya za a ba ka."

Maiɗakina ta fashe da kuka daga ɗaki.

"Yi shiru, 'yar nan," in ji shi. "Ai na zo."

Ya ce hanyoyin kare kai yawa gare su. Ta farko, in ce littafin ba nawa ba ne. Na ce duk tasha ta san nawa ne. Ya ce to in ce ba na gani sosai. Na ce, "Kawu, tela ne fa ni. In na ce ba na gani, wa zai ƙara kawo mini ɗinki?" Ya ce to in yi kamar na taɓu, in riƙa amsa wa alƙali da waƙa. Wannan maiɗakina ce ta hana, ta ce tana da 'ya'yan da za a aurar wata rana.

Daga ƙarshe muka tsaya a kan tari. In ya yi tari sau ɗaya, in ce "ƙwarai". In ya yi sau biyu, in ce "sam". Sannan ya sa na ɗinka masa baƙar riga mai faɗi har ƙasa irin ta lauyoyin da ya gani a Kano. Ya so in yi masa farar hular nan tasu da auduga, na ce audugar ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

Ranar shari'a kotun alƙali ta cika har tagogi. Kawu ya shigo yana jan baƙar rigarsa, ya wuce gaba ya tsaya kusa da ni. Alƙali, wani dattijo mai sanyin murya, ya dube shi ta saman tabarau.

"Malam, lauya ba ya tsayawa a wannan kotu. Kai wane ne?"

"Allah ya gafarta malam, kawunsa ne."

"To je ka zauna a matsayin kawu."

Ya koma ya zauna a benci, kusa da wani tsoho da ya zo shari'ar gona. Abin da ba mu sani ba, tsohon nan tari yake fama da shi na gaske.

Alƙali ya ce, "Kai ne tela?"

Na ji tari biyu a bayana. Na ce, "Sam."

"Ba kai ne tela ba?"

Tari ɗaya. "Ƙwarai."

"Ƙwarai kai ne, ko ƙwarai ba kai ba ne?"

Sai tari ya ɓarke ba ƙaƙƙautawa, na tsoho da na Kawu suka cakuɗe, Kawu yana ƙoƙarin ya fi shi ƙarfi. Alƙali ya sa masinja ya kai musu ruwa a moɗa, ya ce duk wanda ya ƙara tari ya fita ya ƙarasa a gindin darbejiya. Sannan ya ce da ni, "Ɗana, bar sauraren bayanka. Faɗa mini abin da ya faru da bakinka."

Na faɗa masa komai, tun daga Maigatari har ƙaro.

Ya cire tabarau, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah. Akwai hoton yaro ko yarinya a nan ciki wanda aka keta wa mutunci?"

Na ce babu, na rantse. Ya ce shi zai duba da kansa, domin mutumin da aka kama wajen Gagarawa an riga an wuce da shi babbar kotu, kuma zai daɗe bai ga ƙofar gidansu ba, don abin da ya yi wa yaran nan ba ya gogewa. Ya ce in ya sami irinsa a nan, babu kawun da zai cece ni. Kotu ta yi tsit, har tsoho mai tari. Na tuna 'ya'yana mata, na ji ko ni ne alƙali abin da zan faɗa ke nan. Ya bi littafin shafi-shafi, har tsakiyar da sai da ya sa wuƙa ya ɓamɓare, bai yi gaggawa ba. Da ya kai ƙarshe ya ce babu.

Aka kira mai goro. Alƙali ya ɗaga littafin ya nuna masa tsakiyar, wadda ya tarar a manne gam, don na sake mannewa ana gobe za a kama ni.

"Malam, wannan wuri a rufe na same shi. Yaya aka yi ka san abin da ke ciki?"

"Allah ya gafarta malam, ai in aka ɗan sa yawu a gefe yana buɗewa."

"Wa ya sa yawun?"

Mai goro ya ce shi don ya tabbatar da ɓarna ya duba, kuma duk lokacin da ya duba sai ya yi a'uziyya.

"Duk lokacin? Sau nawa ke nan?"

"Ban ƙirga ba. Amma mai jan gashin nan ta kusa da ƙarshe ita ta fi rashin kunya."

Muhuti, magatakardan alƙali, ya kifa kai a kan teburinsa, kafaɗunsa suna rawa. Alƙali ya daɗe yana gyaran rawani kafin ya iya magana.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Ya ce littafin na sana'a ne, amma shafukan nan ba su da wurin zama a rumfar da jama'a ke shiga. A yanke su a ƙone a bayan kotu. Ni a ja mini kunne in daina ajiye abin da sai na manne. Mai goro kuma ya riƙa tsare idonsa kamar yadda yake tsare huhun goronsa. Babu bulala, babu kaso.

Sai ga Kawu ya miƙe tsaye, gumi ya jiƙa baƙar riga sharkaf. "Allah ya gafarta malam, za mu ɗaukaka ƙara!"

"A kan me? An sallami ɗanka."

"Haka ake cewa a Kano in an gama."

Masinja ya riƙe masa hannu ya fitar da shi a hankali.

Da almakashina aka yanke shafukan. Masinja ya ƙyasta ashana, mutane suka yi da'ira suna leƙe, wai shaida suke yi. Sai da wuta ta ci rabi na tuna a bayan shafin farko ne hoton kwat ɗin da wani malamin asibiti ya zaɓa yake. Daga ka na ɗinka masa, ta fito kamar rigar mai gadi. Ya sa ta haka nan, har wasu suka zo a yi musu irinta.

Kawu ya koma Sule Tankarkar a bayan motar gero, sanye da baƙar rigarsa, ya ƙi cirewa duk da rana. Kafin wata ya zagayo labari ya dawo mini cewa rataye ni za a yi, shi ya miƙe ya ƙure alƙali da Turanci. Mutanen ƙauyuka suka fara kai masa rigimar awaki da ta iyakar gona, yana karɓar kaza yana ba da shawara. In na kai masa ziyara sai ya nuna ni ga baƙinsa ya ce, "Ga shi nan da ransa, ku tambaye shi." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka aka yi. Har Allah ya karɓi ransa ban taɓa musa masa ba.